Feɗe da Ɗori: Bambancin Karatun Manazarci da na Ma'abocin Labari

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da ƙagaggun labarai ya san cewa tambaya iri biyu ake yi game da tauraron labari. Ta farko ita ce: me ya sa wane ya aikata kaza? Ta biyu ita ce: me ya sa mawallafi ya sa wane ya aikata kaza? A kunne tambayoyin nan sun yi kama da juna, har ma akan ɗauke su abu guda. To amma ta farko ta ɗauki tauraro a matsayin mutum mai rai, mai zuciya, mai tarihin da ya zarce abin da aka rubuta. Ta biyu kuwa ta ɗauke shi a matsayin abin da aka gina da kalmomi domin a cim ma wata manufa.

A ƙasashen Turai da Amurka, tambayar farko ta haifar da wata babbar al'ada ta karatu da rubutu, watau al'adar mutanen da suka shaƙu da wani littafi ko fim har suka shiga ƙaga nasu labaran a kan taurarinsa. Tambaya ta biyu kuwa ita ce ginshiƙin nazarin adabi kamar yadda ake koyar da shi a jami'o'i. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada hanyoyin nan biyu, a nuna inda suka rabu da inda suka haɗu. Abin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, bambancinsu bai ta'allaƙa a kan zurfin karatu ba, domin sau da yawa mai sha'awar labari ya fi manazarci sanin lungu da saƙon littafin. Bambancin yana ga yadda kowannensu ya ɗauki matani, da kuma irin hujjar da kowannensu yake karɓa. Za mu kafa yawancin misalanmu da labaran Sherlock Holmes, domin a kansu ne al'adar nan ta fara samun suna da ƙa'ida.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku. Mutanen da muka ambata a sama za mu kira su ma'abota, watau waɗanda suka riƙi wani labari ya zama nasu, suna haɗuwa suna tattauna shi, suna kuma rubutu a kansa ba domin kuɗi ba. Labaran da suke ƙagawa da taurarin wani za mu kira su labaran ɗoriya, tun da yake ɗora su ake yi a kan ginin da wani ya riga ya yi.

Kalma ta uku ita ce kanon. Asalinta daga Girkanci take, inda take nufin sandar awo, daga baya malaman Kirista suka yi amfani da ita wajen kiran jerin littattafan da aka yarda suna cikin Baibul. Tun daga kan wannan kalma hanyar jirgi ta rabu da ta mota. In manazarcin adabi ya ce kanon, yana nufin jerin littattafan da al'umma ta fifita, take koyar da su a makarantu, kuma muhawararsa ita ce wane littafi ne ya cancanci shiga. In ma'aboci ya ce kanon, yana nufin abubuwan da suka tabbata sun faru a cikin duniyar labarin, kuma muhawararsa ita ce me ya faru, me bai faru ba. Na farko yana auna daraja, na biyu yana tantance aukuwa.

3.0 Yadda Al'adar ta Faro

Arthur Conan Doyle, wani likita ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1930, ya rubuta labarai 60 a kan Sherlock Holmes, mai binciken laifuffuka a birnin Landan. Guda 4 dogaye ne, 56 gajeru, kuma sun fito ne tsakanin 1887 da 1927. In ban da guda 4, duk sauran an zuba su ne ta bakin abokin Holmes, watau Dakta Watson, wanda yake ba da labari a matsayin ganau. Da yake Doyle ya shafe shekara 40 yana rubutun, yawanci domin mujallar wata-wata, kuma bai ɗauki Holmes a matsayin aikinsa mafi muhimmanci ba, labaran sun cika da tufka da warwara ta fuskar ranaku da sunaye da tarihin taurari.

A 1911 wani matashin malami a Oxford mai suna Ronald Knox ya gabatar da wata takarda a kan labaran nan. Ba'a ce ya shirya wa masanan Jamus masu binciken Baibul, waɗanda suke bin saɓanin da ke cikin matani domin su gano hannuwa nawa suka rubuta shi. Knox ya ɗauki hanyarsu ya ɗora a kan Watson, ya riƙa warware saɓanin labaran da fuska a murtuke kamar mai nazarin littafin tarihi. Abin da aka fara da wasa sai ya kama jiki. A 1934 Christopher Morley ya kafa ƙungiyar Baker Street Irregulars a New York, a 1951 kuma aka kafa wata ƙungiyar a Landan. Ƙa'idar wasan nasu ita ce a ɗauka Holmes da Watson mutane ne na gaskiya, Watson ne ya rubuta labaran, Doyle kuwa dillali ne kawai wanda ya kai su ga maɗaba'a. Su ne suka yayata kiran labaran nan 60 da sunan kanon, domin su bambanta su da waɗanda wasu suka ɗora. Daga nan ne kuma ma'abota na zamanin yanzu suka samo sunayen hanyoyin bayani guda biyu da suke amfani da su a kan kowane labari: bayani irin na Watson, watau daga cikin duniyar labari, da bayani irin na Doyle, watau daga wajenta.

Al'adar ta bunƙasa da zuwan talabijin. Shirin Star Trek ya fara a 1966, a 1967 ma'abotansa suka fitar da mujallar Spockanalia, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu rubuta labaran ɗoriya na wannan zamani. Intanet ta ƙara faɗaɗa fagen, har rumbun Archive of Our Own ya tara labarai fiye da miliyan 10, ya kuma sami lambar yabo ta Hugo a 2019. Saboda haka abin da muke magana a kai ya wuce wasan 'yan tsirarun mutane.

4.0 Misalai Uku

4.1 Raunin Watson

A littafin farko, A Study in Scarlet na 1887, Watson ya ce likitan soja ne shi, kuma harsashi ya same shi a kafaɗa a yaƙin Maiwand na 1880 a Afganistan. A littafi na biyu, The Sign of Four na 1890, sai ga shi yana jinyar ƙafa, yana cewa a nan harsashin ya ratsa. Ma'abota sun kawo bayanai iri-iri. Wasu sun ce sau biyu aka harbe shi. Wasu sun ce harsashi guda ne, ya same shi yana durƙushe a kan majinyaci, ya shiga ta kafaɗa ya fita ya sami ƙafa. Duk bayanan nan sun yi tarayya a kan abu guda, watau akwai wani jiki na Watson, kuma dole raunin ya kasance a wani wuri a jikin nan.

Manazarci ba ya neman jikin, domin ya san babu shi. Abin da yake tambaya shi ne, wane aiki raunin yake yi a labarin? A littafin farko, raunin ne ya dawo da Watson Landan ba lafiya, ba kuɗi, ba dangi, har ya bukaci abokin haya, wanda ta haka ya gamu da Holmes. Da zarar ya gama wannan aiki, kafaɗa da ƙafa duk ɗaya ne a wurin mawallafi. Haka kuma raunin alama ce ta daular mulkin mallaka da ke dawowa gida a jikin 'ya'yanta, jigon da ya mamaye littafi na biyu, inda dukiyar da aka sato daga Agra lokacin boren Indiya na 1857 ta jawo kisa a Landan.

4.2 Sunan Watson

An san Watson da suna John H. Watson. To amma a wani gajeren labari na 1891, matarsa ta kira shi James. Marubuciya Dorothy Sayers ta kawo wata warwara mai ban sha'awa a cikin shekarun 1940. Ta ce harafin H ɗin nan yana nufin Hamish, wanda shi ne yadda mutanen Sikotilan suke faɗin James, saboda haka matar tana kiran mijinta ne da sunansa na biyu. Babu wani layi a cikin labaran 60 da ya ambaci Hamish, babu kuma wanda ya ƙaryata shi.

Manazarci zai koma ga takardun mawallafi. A cikin rubutun share fage da Doyle ya yi kafin littafin farko, sunan mai ba da labari Ormond Sacker ne, sunan mai binciken kuwa Sherrinford. Wannan ya nuna cewa sunaye abin zaɓi ne da canzawa a hannun mawallafi, kuma marubucin da ke tsere da ranar fitar mujalla yana iya yin tuntuɓen alƙalami. A nan manazarci yake tsayawa, domin a nan shaidarsa ta tsaya.

4.3 Ziyarar Hartum

A Disambar 1893 Doyle ya kashe Holmes a mafaɗar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Suwizalan, domin ya gaji da shi. Matsin masu karatu da tayin kuɗi mai tsoka suka sa ya dawo da shi a 1903. A labarin dawowar, Holmes ya ce bai mutu ba, ɓuya ya yi daga 1891 zuwa 1894, ya zaga Tibet da Farisa, ya kuma ziyarci Halifa a Hartum. Wanda ya san tarihin Sudan zai lura da kuskure a nan. Bayan da mayaƙan Mahadi suka ci Hartum a 1885, an bar birnin ya zama kango, kuma magajin Mahadi, Halifa Abdullahi, a Umdurman ya yi mulkinsa. Ma'abota sun lura da wannan, suka ce ko dai Watson ne bai ji da kyau ba, ko kuwa Holmes yana ɓoye inda ya je ne. Waɗannan shekaru uku sun zame musu gona mai albarka, an rubuta labaran ɗoriya masu yawa a kan abin da Holmes ya yi a cikinsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

A wurin manazarci kuwa, kuskuren nan shaida ce. Hartum shi ne sunan da Baturen Ingila na 1903 ya sani, domin a can aka kashe Janar Gordon a 1885, kuma shekara 5 kacal ke nan da Kitchener ya murƙushe daular Halifa a 1898. Doyle ya zaɓi sunan da zai kaɗa zuciyar mai karatunsa, ya nuna masa tauraronsa yana yi wa daular Ingila leƙen asiri a gidan abokan gabarta. Watau abin da ma'aboci ya ɗauka karaya ce da ke bukatar ɗori, shi manazarci ya ɗauke shi kafa ce da za a bi a feɗe littafin, a ga zamanin da ya haife shi.

5.0 Matsayin Manazarta

Kada a ɗauka cewa tun asali nazarin adabi ya nisanci tambayar farko. A. C. Bradley, a littafinsa na 1904 a kan wasannin Shakespeare, ya yi nazarin taurari kamar mutanen da ya sani, har ya keɓe wani sashe yana binciken inda Hamlet yake lokacin da mahaifinsa ya mutu. A 1933 L. C. Knights ya mayar da martani da wata maƙala wadda takenta kansa ba'a ce, domin tambaya ce a kan yawan 'ya'yan da matar Macbeth ta haifa. A cikin wasan, matar ta ambaci cewa ta taɓa shayarwa, amma ba a ga ɗa ko guda ba. Knights yana ganin cewa neman 'ya'yan nan ɓata lokaci ne, domin maganar shayarwa tana nan ne saboda ta nuna iyakar ƙeƙashewar zuciyar matar a wannan fitowa, kuma wasan kwaikwayo gini ne na kalmomi da siffantawa wanda ya kamata a karanta kamar waƙa.

Ra'ayin Knights da makamantansa shi ya yi rinjaye a jami'o'i. A 1946 Wimsatt da Beardsley suka ƙara da cewa niyyar mawallafi ma ba ita ce ma'aunin ma'ana ba, matanin da ke gaban mai karatu shi ne alƙali. A 1967 Roland Barthes na Faransa ya kai maganar ƙarshenta da maƙalarsa a kan mutuwar mawallafi. Abin lura shi ne, shekara guda ce tsakanin maƙalar Knights da kafa ƙungiyar Morley. A lokacin da jami'a ta kori tambayar farko daga aji, a lokacin ne ma'abota suka buɗe mata ƙofa.

6.0 Inda Bambancin Yake

Daga misalan da suka gabata za mu iya fitar da bambance-bambance guda huɗu.

Na farko, matsayin matani. A wurin manazarci matani kammalallen abu ne mai iyaka, abin da ba a rubuta ba babu shi, kuma shirun da mawallafi ya yi wani ɓangare ne na zubi da tsarin littafin. A wurin ma'aboci matani rahoto ne na wata duniya da ta fi shi faɗi, kamar tagar da ake hango ɓangaren fili ta cikinta. Taurari suna ci gaba da rayuwa bayan an rufe littafi.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, irin hujja. Manazarci yana cewa: matani ya nuna kaza. Ma'aboci yana cewa: matani bai hana kaza ba. Tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu babba ce. Da'awar manazarci tana faɗuwa in ba a sami abin da ya goyi bayanta a cikin matani ko a tarihin rubuta shi ba. Da'awar ma'aboci tana tsayawa muddin ba a sami abin da ya rushe ta ba. Shi ya sa Hamish ya karɓu a zauren ma'abota, amma ba zai karɓu a kundin digiri ba. Wannan ba ya nufin ma'abota ba su da ma'auni. Babban laifi a wurinsu shi ne marubucin ɗoriya ya sa tauraro ya yi abin da ya saɓa wa halinsa, kuma sukan yi muhawara mai zafi a kan haka, kowa yana jawo shafi da layi. Sun kuma bambanta hawa uku: abin da kanon ya tabbatar, da abin da jama'arsu ta yi ittifaƙi a kansa ba tare da kanon ya faɗa ba, da abin da mutum ɗaya ya riƙe a ransa.

Na uku, wanda ke da iko. Tun da manazarci ya karɓe alƙalanci daga hannun mawallafi ya ba matani, maganar da mawallafi ko kamfani ya yi daga baya ba ta canza masa kome. Ma'abota kuwa sun damu ƙwarai da wanda ke da ikon cewa abu ya faru. A watan Afrilu na 2014 kamfanin Lucasfilm ya ba da sanarwar cewa littattafan Star Wars da aka yi ta bugawa shekara da shekaru sun fita daga kanon. Ko wasali guda bai canza a cikin littattafan ba, saboda haka a wurin manazarci babu abin da ya faru. A wurin ma'abota kuwa an shafe tarihin wata duniya da rana tsaka. Abin mamaki shi ne, mutanen da suka fi kowa damuwa da iyakar kanon su ne kuma suka fi kowa tsallake ta, domin sai an san inda shinge yake sannan tsallake shi yake da ma'ana.

Na huɗu, sakamakon karatu. Karatun manazarci yana ƙarewa da sharhi, watau magana a kan labari. Karatun ma'aboci yana ƙarewa da wani labarin. In manazarci ya ga an tauye wata tauraruwa, zai rubuta maƙala ya nuna yadda aka tauye ta da dalilin haka. Ma'aboci zai zauna ya rubuta mata rayuwar da aka hana ta.

7.0 Inda Suka Haɗu da Raunin Kowannensu

Duk da haka, iyakar ba ganuwa ba ce. Wolfgang Iser na Jamus ya nuna a 1976 cewa kowane matani cike yake da giɓi, kuma karatu kansa cike giɓin nan ne a zuci. Ke nan abin da ma'aboci yake yi a takarda, kowane mai karatu yana yin sa a ransa, har da manazarcin. Henry Jenkins, a littafinsa na 1992, ya aro tunanin Michel de Certeau ya kwatanta ma'abota da mafarautan da ke farauta a gandun da ba nasu ba, ya kuma nuna cewa rubutunsu wani nau'in sharhi ne. Littafin Jean Rhys na 1966, Wide Sargasso Sea, ya ɗauki mahaukaciyar matar da aka kulle a ɗakin sama a cikin Jane Eyre na 1847, ya ba ta ƙuruciya a Jamaika, ya ba ta baki. Ta fuskar zubi ɗoriya ce tsantsa, amma ana koyar da shi a jami'o'i a matsayin ɗaya daga cikin mafiya kaifin suka da aka yi wa tunanin mulkin mallaka a adabin Ingilishi. Haka nan shirin Sherlock na BBC da ya fara a 2010 ya ɗauki Hamish ɗin Sayers ya ba Watson, ya kuma sasanta kafaɗa da ƙafa ta hanyar sa raunin a kafaɗa, ɗingishin kuwa ya zama na damuwar zuciya.

Kowace hanya tana da inda take makancewa. Bayani daga cikin labari yana ɓoye hannun mawallafi, ta haka yana sauke masa alhaki. A cikin The Sign of Four akwai wani mutumin tsibiran Andaman mai suna Tonga, wanda aka siffanta da siffofin dabbanci. Wanda ya tsaya a cikin duniyar labari yana da zaɓi biyu, ko dai ya yarda haka Tonga yake, ko ya ce Watson ne mai son zuciya. Ta kowace fuska ba a taɓa Doyle da masu karatunsa ba, alhali su ne suka bukaci irin wannan siffa. Sai an fito waje ake iya tambayar wa ya ƙera hoton nan, kuma wa ya amfana da shi. Shi kuma manazarci yakan manta dalilin da ya sa mutane suke karatu tun farko. Shaƙuwa da tauraro aikin fasahar mawallafi ce, kuma nazarin da ya kasa bayyana yadda kalmomi suka sa dubban mutane suka yi jimamin mutuwar wanda bai taɓa rayuwa ba, ya bar babban abu a baya. Mai feɗe da ya manta dabbar ta taɓa tafiya da ƙafafunta bai san ta ba sosai.

8.0 Abin da Ya Shafi Ajinmu

Rabe-raben nan yana da amfani ga mai koyar da adabin Hausa. A tatsuniya maganar kanon ba ta taso ba. Gizo yakan sha wuya a wannan tatsuniya ya fito garau a waccan, ba wanda ke neman a daidaita masa tarihinsa, domin kowace mai ba da tatsuniya tana da haƙƙin ɗorawa. Kanon ɗan ɗab'i ne, sai da aka sami tsayayyen matani mai sunan mawallafi sannan aka sami abin da za a ce an saɓa masa.

Da rubutaccen zube kuwa matsalar ta iso gare mu. Ɗauki Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta domin gasar 1933. Mai ba da labarin sunansa Alhaji Imam, watau Watson da Doyle ɗinmu suna amsa suna guda, abin da ke sa ɗalibi saurin haɗa su. In aka tambayi abin da ya sa Alhaji yake ta karo da Malam Zurƙe gari bayan gari, amsa daga cikin labari ita ce ƙaddara ko gaba. Amsa daga waje ita ce, mawallafi yana da gajerun labaran barkwanci masu zaman kansu, yana bukatar zaren da zai ɗinke su, kuma irin wannan zubi sananne ne ga duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri, inda mai ba da labari yake gamuwa da Abu Zaidi a gari bayan gari. Amsa ta farko ba ta ƙara mana sanin kome game da fasahar Imam, ta biyu kuwa ta buɗe ƙofar bincike.

Sau da yawa babin taurari a kundayen ɗalibai yakan koma zaman kotu, a yaba wa wane saboda haƙuri, a la'anci wance saboda makirci, kamar maƙwabta ake hukuntawa. Wannan karatu ne irin na ma'abota wanda aka sa wa rigar nazari. Maganinsa ba a kushe shaƙuwar ɗalibi ba ne, domin da ita ya shigo aji. Abin da ya kamata shi ne a koya masa ya gane wace tambaya yake yi a kowane lokaci. Malami yana iya sa ɗalibai su rubuta wani sabon karo tsakanin Alhaji da Zurƙe, sannan su kare kowane abin da suka sa da shaida daga littafin, su kuma ware abin da matani ya nuna daga abin da bai hana ba kawai. Wanda ya yi wannan aiki zai san salon Imam fiye da wanda ya haddace jerin jigogi.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa manazarci da ma'aboci suna iya tsayawa a kan layi guda na littafi guda, su lura da saɓani guda, amma su yi aiki mabambanci da shi. Ma'aboci yana ɗora karayar domin duniyar labarin ta miƙe ta ci gaba da tafiya, hujjarsa ita ce matani bai hana ba. Manazarci yana bin karayar domin ya ga yadda aka gina littafin, da wanda ya gina shi, da zamanin da aka gina shi, hujjarsa ita ce matani ya nuna. Na farko halal ne a fagensa, wani lokaci ma yakan haifar da adabi mai daraja. Sai dai wanda ya zo neman digiri a nazarin adabi, tambaya ta biyu ce aka ɗora masa, kuma aikin malaminsa ne ya tabbatar ya san bambancinta da ta farko tun kafin ya ɗauki alƙalami.